Jaririn Roba da Sunan 'Yar Farina

Da aka kawo takardar, ni na fara yin tsaki. Wai duk ranar Laraba bayan azahar, mu ma'aikatan ɗakin gaggawa na yara za mu taru a ɗakin taro mu koyi ceton rai a jikin jaririn roba. Jaririn roba fa! Na ce da masinjar da ta miƙo min takardar, ni rabona da wasan 'yar tsana tun ana yin ta da karan dawa. Shekarata talatin ina aikin jinya a asibitin nan namu na Tarauni, yaran da suka farfaɗo a hannuna da ikon Allah sun isa su cika firamare guda. Ta ce ita dai aiko ta aka yi. Na ce to, Allah ya ba mu lafiya.

Wadda aka ɗora wa koyarwar ƙawata ce tun makarantar jinya, 'yar Filato, Kirista, amma a nan Tarauni aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta san halina, na san nata. Da na shiga ɗakin ranar Larabar farko ina cika ina batsewa, sai ta ce, "Sannu da zuwa, babbar Sista. Ki ajiye shekara talatin ɗin nan a bakin ƙofa, in an tashi kya ɗauki abarki." Na harare ta, aka yi dariya.

Da na ga jaririn kuwa, jikina ya ɗan yi sanyi. Girman ɗan shekara guda, kwance a gado irin namu, ƙirjinsa na hawa yana sauka, har kuka yake yi. Ita tana zaune bayan labule da kwamfuta. In ta ga dama ta tsayar masa da numfashi, in ta ga dama ta rage bugun zuciyarsa, mu kuma mu yi duk abin da za mu yi da a ce ɗan mutum ne. Akwai na'urar ɗaukar hoto a kusurwa, in an gama sai a jera kujeru a zagaye, a kunna mana mu kalli kanmu. Ta ce ba jarrabawa ba ce, ba kuma wanda za a kai ƙararsa. Gara roba ta mutu sau goma a hannunmu da ɗan wani ya mutu sau ɗaya, ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk wannan na yarda. Dokarta guda ce ta tsaya min a maƙogwaro. Ta ce lokacin gaggawa ba a jefa magana a iska. "'A kawo oksijin' bai taɓa kawo oksijin ba," in ji ta. "Kowa zai zaci wani ya tafi. Ka kira sunan mutum, ka faɗa masa abin da ka gani, shi kuma ya maimaita maka don ka san ya ji. Ba 'kai', ba 'ke', ba 'likita', tunda likita uku ne a ɗakin nan. Suna nake so."

Tana faɗa na ji idanu a kaina. Ɗaya daga cikin likitocin ukun nan 'yata ce, 'yar farina, kuma duk wanda ya kwana biyu a asibitin ya san ban taɓa kiran sunanta ba.

Yaran yanzu mamaki suke yi, amma mu haka muka taso muka tarar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai. Kunya ce da kara ga iyaye da surukai, ba ƙiyayya ba ce. Ina sabuwar ma'aikaciya na haife ta, ana yaye ta kuma Inna, mahaifiyata, ta zo ta goya abarta ta tafi da ita gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. A can ta tashi cikin ƙannena, ta ji suna ce min Yaya, ita ma ta kama, har yau. Ni kuwa sai dai "yarinyar nan", ko "ta wajen Inna", ko "waccan". Duk Juma'a nakan je. In na sayo mata takalmi sai in ba ƙanwata in ce ta miƙa mata, kada ta ce daga ni ne. Ranar da ta gama karatun likita mutane suna ta rungumarta, ni ina can baya ina gyara kulolin abinci, sai da na shiga banɗaki na yi kukana na wanke ido na fito. Ƙannenta huɗu kuwa sunayensu har sun gaji a bakina, don faɗa nake yi musu safe da yamma.

Da aka turo ta asibitinmu, mun san yadda muke zama da juna. In ina da magana in faɗa wa na kusa da ita, ko in rubuta a fayil. Ita ma ta saba. Aiki yana tafiya, ba wanda ya ga aibu.

To, ranar nan ita aka ba jagoranci. Aka ce mana yaro ne mai ciwon haƙarƙari, an kawo shi yana numfashi da ƙyar. Ba a jima ba ƙawata ta ɗauke masa numfashin gaba ɗaya. 'Yata ta koma wajen kai, ta ɗauki ambu, robar nan da ake kifa wa yaro a hanci da baki a riƙa matsawa ana hura masa iska. Tana matsawa, idonta yana kan na'urar bugun zuciya, tana ba sauran umarni. Ni daga gefe na ga ƙirjin ba ya ɗagawa. Haɓar ta sunkuya, iskar tana zurarewa ta gefe. Abu ne da na sani tun tana goye. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Sai na taɓa ma'aikaciyar jinyar da ke kusa da ni, na ce mata ƙasa-ƙasa, "Ce wa waccan ƙirjin ba ya ɗagawa." Ita kuma tana jin nauyin gyara wa likita, sai ta tsaya tana leƙen ƙirjin don ta tabbatar, sannan ta zagaya ta bayan gado. Kafin ta isa, na'urar ta ɗauki doguwar ƙarar nan da duk mun sani. Ƙawata ta ɗage labule ta ce, "Mu tsaya nan. Yaro ya tafi."

Aka kunna mana hoton. Na ga wata ƙatuwar mata cikin fararen kaya tana buɗe baki tana rufewa, sannan ta koma raɗa. Wallahi da ba ni ba ce, da na ce a kore ta daga ɗakin. Ƙawata ba ta nuna ni ba. Ɗakin ta tambaya, "Wa ya fara lura da ƙirjin?" Na ce ni ce. Ta ce, "Madalla da idonki. Me ya shiga tsakanin ganin da faɗin?"

Kafin in ce komai, wani likita mai barkwanci ya ce, "'Yar fari ce, Malama." Ɗakin ya kwashe da dariya, ni kuma na hau. Na ce dariyar me ake yi? Roba ce fa! Ku da ba ku san kara ba, ku sumbaci 'ya'yanku a gaban surukanku, ku ne za ku koya min zaman duniya? Na suri jakata. Ina kaiwa ƙofa na ji muryar 'yata, kanta a ƙasa, tana cewa, "Laifina ne. Ni ke riƙe da ambu, ni ya kamata in kalli ƙirjin." Wannan ya fi dariyar ƙona min rai, don laifina ta ɗauka ta aza wa kanta, kuma ko juyowa ban yi ba.

Ranar Juma'a na kai wa Inna ƙara. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsinke zogale. Ta saurare ni tsaf, ta ce, "Yo wannan ai fitsara ce ake koya muku da rana tsaka. A kan roba?" Na ji daɗi na sami mai tsaya min. Muna cikin haka 'yata ta yi sallama ta shigo, ta durƙusa ta gaishe mu, ta zauna kusa da Inna tana taya ta tsinka. Can ta ce, tana kallon zogalen, "Inna, ki ce wa Yaya kada ta takura kanta. Zan roƙi Malama ta raba mana rukuni." Ni ma na dubi Inna na ce, "A ce mata ta yi yadda ta ga ya dace." Tabarma ɗaya muke kai, gwiwarta ta kusa taɓa tawa. Inna ta dube ta, ta dube ni, ta ce ita ba masinja ba ce, a miƙo mata faranti.

Ƙawata ta ƙi raba mu. Har ofis ta same ni ta rufe ƙofa. Ta ce, "In na raba ku a ɗakin taro, wa zai raba ku ranar da aka shigo da ɗan mutane a sume? Ni ban raina al'adarku ba, a cikinta na girma. Amma duk ɗakin nan ba mai ido irin naki, kuma ido in ba baki, yaro ne zai biya." Na ce ta fita min daga ofis. Ta fita tana dariya, don ta san Laraba zan zo.

Na kuwa ci gaba da zuwa, har na fara son abin, ko da yake ban faɗa wa kowa ba. Na ga yadda muke karo da juna wajen ɗauko abu ɗaya, na ga yadda ni kaina nake tsawa har ƙanana su ruɗe su manta abin da suka sani. Na koyi kiran kowa da sunansa, a amsa min, a maimaita min. In aka zo kan 'yata kuwa, sai na samo dabara: in taka in je in taɓa gwiwar hannunta, in ta juyo sai in faɗi maganar ina kallon jaririn. Sati uku ina cin nasara ina jin kaina gwana. A na huɗu ƙawata, da yake ita ma ba baya ba ce wajen wayo, ta ɗora ni a kan danna ƙirji, aikin da ba a ɗaga hannu. Na ga robar oksijin ta zame daga jikin ambun da ke hannun 'yata, ita ba ta lura ba. Hannuna biyu a ɗaure, na yi ta kallon abin ina haɗiyar yawu. Jaririn ya sake mutuwa, kuma wannan karon ba wanda ya yi dariya.

A gida na fara gwadawa. In ina tuƙa tuwo ni kaɗai a kicin sai in ce bari in faɗa, ba mai ji. Sunan ya taho har kan harshe ya tsaya, in ji kamar Inna tana bayana. Abin haushi, ni na zaɓi sunan nan. Ni na raɗa wa babanta shi kwana biyu kafin suna, na ce kada ya ce daga ni ya fito. Kullum kuma ina ambatonsa a sujada, cikin zuciya. Ban da babanta, Allah kaɗai ya taɓa jin sa daga wajena.

Wata Talata ce da hantsi, cikin damina, lokacin da zazzaɓi ke cika mana ɗaki har a kwantar da yara biyu a gado ɗaya. Aka sauko da wata yarinya 'yar shekara biyu daga adaidaita, daga Babban Giji suka ce, tana ta jijjiga, idanu sun kafe. Kakarta ce ta rungumo ta tana salati, uwar tana biye. 'Yata ta karɓe ta, ta ba ta maganin tsayar da jijjigar, jikin ya lafa, sai ta sunkuya wajen ƙafa tana neman jijiya don a sa mata ruwa. Ni ina can gadon ƙarshe. Wani yaro ne kwanon rufi ya yanke a cinya, jini yana tsartuwa, na danne wurin da hannu biyu ina jiran ɗaya likitan ya gama shirya kayan ɗinki. In na ɗaga hannu, jinin ya ɓalle.

Daga nan na ɗaga kai na hango yarinyar. Ƙirjinta ba ya motsi. Leɓenta ya fara duhu. Maganin nan yakan yi haka wani sa'in, ya kwantar da jijjiga ya kwantar da numfashi tare. 'Yata ta ba ta baya, duk hankalinta yana kan 'yar ƙafar nan. Kowa a ɗakin da wanda yake riƙe da shi, ba wanda zan aika. Janareta na ruri, yara na kuka, kakar tana ta salati.

Na ce, "Ke!" Ba ta ɗago ba. Na ce, "Likita!" Wanda ke kusa da ni ya ce, "Na'am, Sista?" Ita ko gezau. Ba raini ba ne, a nan take na gane. Shekara ashirin da tara ina magana ta gefenta, kunnenta bai san muryata tana nufinta ba. Ni na koya mata haka.

Sai na kira sunan. Sau ɗaya, da dukan ƙarfina, na tabbata har masu gadi sun ji.

Ta ɗago a firgice kamar an watsa mata ruwan sanyi, idonta cikin nawa. Na ce, "Ta daina numfashi. Ɗauki ambu."

Ta ce, "Na ji. Ta daina numfashi, na ɗauki ambu." Kafin ta rufe baki tana wajen kai. Ta ɗaga haɓar, ta kifa robar, ta matsa. Ta ce, "Yaya, duba min ƙirji."

Na ce, "Yana ɗagawa."

"Yana ɗagawa," ta maimaita. Ta kira wata da sunanta ta ce ta jona oksijin, aka amsa. Ta kira wani ta ce ya ƙarasa neman jijiya ya duba suga, aka amsa. Ba ihu, ba karo da juna, kowa ya san wurinsa kamar ranar Laraba. Ni ina danne da cinyar yaron nan, jini har gwiwar hannu, ina ƙirga mata numfashi daga nesa, duk addu'ar da na sani tana bakina. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ga leɓen ya fara washewa, sannan 'yar ƙafar ta motsa, sannan yarinyar ta ja numfashi da kanta ta yi wani ɗan kuka a shaƙe. Kakar ta zube ƙasa tana hamdala. Ɗaya likitan ya taɓa ni ya ce in saki, ya kama jijiyar.

Da na je wanke hannu na ga uwar yarinyar a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Idonta a bushe, amma ta cije bakin mayafinta har ya jiƙe. Na ce, "Ta fari ce?" Ta gyaɗa kai. Na ce, "Shiga ki riƙe 'yarki, kakarta ta gaji." Ta tsaya tana kallon tsohuwar. Na ɗaure fuska na ce dokar asibiti ce, sai ta shiga.

Ba wanda ya yi min maganar a ɗakin, ko mai barkwancin nan ya kama bakinsa. Da muka tashi bayan azahar na fito bakin titi na ga 'yata ta tare adaidaita za ta Gyaɗi-Gyaɗi. Ba Juma'a ba ce, ba kuma abin da zan je yi, amma na ga kaina na shiga na zauna kusa da ita. An ɗan yi yayyafi, direban yana ta kauce wa kududdufai. Ni ina kallon shagunan gefen hanya kamar yau na fara ganinsu.

Can ta ce, "Yaya." Ba Inna a tsakaninmu, dole na ce, "Ina ji."

Ta ce, "Ba haka na zaci zai fito ba. Na zaci a hankali za ki faɗa."

Na ce, "A hankali ana mutuwa?"

Ta yi 'yar dariya. Sannan ta ce, "Ina ƙarama, in kin zo ran Juma'a kin tafi, sai in zagaya bayan ɗakin Inna, wajen tulunan nan. In kwaikwayi muryarki in kira kaina, sannan in amsa. Wani lokaci in yi muryar faɗa, irin wadda kike yi wa su ƙannena, don ita na fi sha'awa. Na daɗe ina yi. Har na shiga sakandare ban daina ba."

Tana faɗa tana murmushi, kamar labarin wata take bayarwa. Ni kuwa hawaye suka zubo min, kuma ba banɗakin da zan shiga in ɓoye. Na tuna bayan ɗakin nan, na san tulunan, sau nawa na wuce ta wurin da takalmi a jaka ina neman wanda zan ba ya miƙa mata. Ina son yarinyar nan fiye da yadda bakina zai iya faɗa, kuma ashe duk shekarun nan tana bayan ɗaki tana aron muryata.

Mun kusa kwanar gidanmu na sake kiran sunan. A hankali wannan karon, ba wanda ke mutuwa, ba wanda ya tilasta min.

Ta ce, "Na'am."

Ba ni da abin da zan ce mata. Na ce ta janyo mayafinta, kada taya ta kama.